Bugun Zuciyata a Agogon Hajiya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Saudarku ce. Na ga sababbin sunaye a wajen sharhi, don haka bari in gyara wa baƙi zama kafin mu ci gaba. Labarin da nake ba ku na shekarar 1976 ne, ina da shekara goma sha takwas, muna zaune a Nassarawa GRA cikin wani gidan bene da gwamnati ta ba Babanmu. Lokacin kuɗin fetur ya shigo gari, duk gidan da ka leƙa a layinmu ko sabuwar Fijo ko sabon firiji. Ni kuwa abubuwa biyu nake da su waɗanda ƙawayena ba su da su: ciwon fuka, wanda kuke ce wa asma, da wani saurayi mai suna Aƙilu. Masu tambayata ko shi ne Alhajin da nake tuƙa wa tuwo yau, ku yi haƙuri, ba yanzu za ku ji daga bakina ba.

Ina 'yar shekara goma sha uku fukar ta taɓa kwantar da ni asibiti har aka sa min iska a hanci. A wannan kwanciyar ce wani likita ya koya wa Hajiya, mahaifiyata, yadda ake ƙirga bugun zuciya a tsintsiyar hannu. Ya ce mata yarinya kamata, in tana zaune lafiya, bugun yakan kama daga sittin zuwa ɗari a minti guda. Hajiya ta riƙe maganar nan kamar karatun sallah. Ta karɓe agogon hannun Baba mai tsinken sakan, ta ƙi mayarwa, sai da ya haƙura ya sayi wani. Daga nan kullum da safe sai ta zo ɗakina a ƙasa, ta zauna bakin gado, ta ɗora yatsu biyu a hannuna, leɓenta na motsi. In ta samu ƙasa da ɗari, ranar tawa ce. In ya haura, ko bakin get ba zan taka ba.

Kada ku ɗauka muguwar uwa nake ba ku labari. Matar nan saboda ni ta daina turaren wuta, ita da a da ake gane wucewarta da ƙamshi. Ta sa aka naɗe kafet ɗin falo aka kyautar, ta ba da kyanwarta, ta hana Uwani mai girkinmu daka yaji sai can ɗakunan baya. Makarantar kwana kuwa ko zancenta ba a yi ba, jeka-ka-dawo na yi har na gama, Malam Sule direba na kai ni yana ɗauko ni.

Aƙilu abokin Yaya Maharazu ne tun suna sakandare, ya sha cin tuwon gidanmu ina yarinya. Aikin safiyo yake yi, su ne masu awon sababbin titunan da ake ta shimfiɗawa a lokacin. Dogo ne siriri, ranakun aiki wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ranar Juma'a farar shadda da hula zanna. Mutum ne mai son turare, tun daga get ake sanin ya iso. Wata rana ya shigo falo ina zaune, na yi tari sau biyu na tashi na ba su wuri. Zuwansa na gaba babu ko ɗigon turare a jikinsa, kuma bai sake sawa ba. Yaya ya yi ta tsokanarsa wai ko albashi ne ya ƙare. Shi dai murmushi kawai ya yi yana kallon ƙasa. Ni ina bayan labule ina jin su, kuma na san saboda wa ya daina.

Ku da kuke kwana da waya a ƙarƙashin matashi ba za ku gane wahalarmu ba. Tarho ɗaya ne a gidan, baƙi, mai juyawa da yatsa, yana kan tebur a tsakiyar falo inda kowa ke wucewa. Aƙilu kan bugo daga ofis da tsakar rana, lokacin da ya san sarai Yaya na wajen aiki. In Hajiya ta ɗauka, sai ya gaishe ta, ya gaishe da Baba, ya tambayi ƙafarta, sannan ya ce a gaya wa Maharazu ya bugo, kuma yana gaida "sauran mutanen gidan". Sauran mutanen gidan nan ni ce. In kuwa Allah ya sa ni na ɗauka, sai mu yi ta zancen ruwan sama da kwalta kamar wasu ma'aikatan gwamnati, ina murɗa igiyar tarhon a yatsa har ta bar min shaida.

Da damina ta kankama abubuwa suka canja a gidan. Sanyi ya tayar wa Hajiya da ciwon gwiwa, saukowa daga bene da safe ta zame mata aiki, don haka ta ce ni in riƙa hawowa. Ga shi maƙwabciyarmu Hajiya Jummai ta gaya mata baƙin shayi mai kauri yana buɗe ƙirji. Sai ya zama kullum in na hau sama ga kofi na jirana, baƙi ƙirin, ba madara. In na shanye, ta miƙo min ɗan bututun shaƙa shuɗi, wanda yanzu kowa ke ce wa inhela, ta ce in shaƙa don rigakafin sanyi ko da ƙirjina lafiya lau yake. Sannan ta ɗauko agogo.

Ɗari da huɗu. Washegari ɗari da takwas. Wata rana har ɗari da goma.

Ana cikin haka Aƙilu ya gaya wa Yaya yana son turo magabatansa. Yaya ya kai wa Baba, Baba ya yi murna har ya kasa ɓoyewa, domin ya san yaron ya san gidansu. Da maganar ta isa wajen Hajiya sai ta tsaya cak. Ina barandar sama ina ninke kaya na ji tana gaya wa Baba cewa ba yaron ne ba ta so ba, ita ma ɗanta ne. Amma ga yarinya ciwo na cin ta ta ciki, wata guda bugun bai sauko ba, a haka za a ɗauke ta a kai ta inda ba mai duba ta? Ta ce in an ga Sauda ta yi aure to sai ta warke, fuka kuwa kowa ya san ba a warkewa.

Na koma ɗaki na yi kuka mai isata. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na fara yarda. A jikina ba na jin komai sai 'yar rawar hannu da safe, amma ai agogo ba ya ƙarya. Aka hana ni zuwa kamun ƙawata wadda muka yi anko tare, atamfar tana rataye a ƙofar kwaba ina kallonta tana kallona.

Ranar da Aƙilu ya bugo na ɗauka, na tattara duk ƙarfin halina na ce masa ya nemi mace mai lafiya, kada ya ɗauko wa kansa jinya da kuɗinsa. Sai ya ce:

"Sauda, kin gama?"

"Na gama."

"To ni kullum da awo nake cin abinci. In awo ya ba ni abin da ban gane ba, ba na cewa a fasa titi. Komawa nake in sake awon. Yaushe rabon da likita ya duba ki da kansa?"

Na ce an kwana biyu, don Hajiya takan aika ne a karɓo magani kawai. Ya ce to shi ke nan, in bar masa sauran, kuma in daina yi masa zaɓen mata, shi ya riga ya gama nasa. Na ajiye tarhon ina dariya ina share hawaye, Uwani na leƙe na daga kicin tana girgiza kai.

Ta hannun Yaya maganar ta koma wajen Baba, Baba kuma ya ce ranar Laraba a kai ni wajen Likita Sanusi, wani ɗan Kano da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, ya buɗe ɗan asibitinsa a wani bene. Hajiya ta shirya kamar mai zuwa kotu: leshi ruwan toka, babban mayafi, agogon a jaka. Ni na ce tunda an hana ni kamu, yau atamfar ankon nan za ta ga rana. Na sa ta, kore da ruwan ƙwai, na kafa ɗauri, na ɗauko takalmina mai tudu. Hajiya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce asibiti dai za mu, ba gidan biki ba. Amma ba ta ce in cire ba.

Likitan bai taɓa ni ba da farko. Ya ce in zauna in huta, ya juya wajen Hajiya ya shiga tambayarta labarin aikin hajjinta, wane jirgi suka hau, ina suka sauka a Madina. Hajiya tana amsawa tana kallon jakarta, ta ƙagu. Sai da suka sha hira sannan ya kama hannuna ya dubi agogonsa. Ya ce saba'in da takwas.

Hajiya ta ce, cikin ladabi dai, agogon likita na bukatar gyara. Ta zaro nata, ta kama hannuna, leɓenta ya fara motsi. Ta gama, ta sake. Na ga goshinta ya tattare.

"Tamanin," ta ce a hankali.

Ya saurari ƙirjina gaba da baya ya ce iska na shiga tana fita yadda ake so. Sannan ya roƙi Hajiya ta ba shi labarin safiyarmu tun daga farkawa, kada ta tsallake komai. Ta ba shi, har da alfahari: hawan bene, baƙin shayi, shaƙa biyu, sannan awo. Ya sa na cire takalmin nan mai tudu, na sauka ƙasa na hawo da ɗan sauri, ya ba ni abin shaƙar na shaƙa, muka ɗan jira, ya ce Hajiya ta ƙirga da hannunta da agogonta. Ɗari da shida.

Ya yi mata bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce lissafin da aka ba ta tun farko daidai ne, sittin zuwa ɗari, kuma matashi mai fuka in ciwon na kwance bugunsa ɗaya ne da na kowane matashi. Amma lissafin na wanda ya zauna ya huta ne. Hawan bene na ɗaga shi, shayi mai kauri na ɗaga shi, shi kuma maganin shaƙar nan halinsa ke nan, yana buɗe ƙirji yana sa zuciya sauri da 'yar rawar hannu na wani lokaci, sannan ya sake ta. Ya ce a bar shi sai ƙirji ya nema, in za a yi awo kuma a yi kafin komai. Saurin bugun da ake tsoro, in ji shi, shi ne wanda ya zo tare da numfashi sama-sama, mutum ya kasa ƙarasa magana.

Hajiya ta daɗe tana kallon agogon a tafin hannunta.

"Wato ni ce, Likita?"

"Hajiya, shekara biyar yarinyar nan ba ta sake kwana a asibiti ba. Wannan ma ke ce."

Ta ja mayafi ta goge ido. Can sai ta kewaya ta kewaya, ta ce wai akwai 'yar wata ƙawarta mai irin wannan ciwo da ake neman aurenta. Likita ya danne murmushi ya ce a gaya wa ƙawar tata fuka ba ta hana aure ba ta hana haihuwa, in dai mijin ya san alamomin kuma ba mai wasa da magani ba ne. Ni dai na dasa idona a kan yatsun ƙafata, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka shiga layin darbejiyoyin nan na unguwarmu. Sannan Hajiya ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Na san tana da ƙanwa Mairo da ta rasu kafin a haife ni, amma ban san fuka ce ta ɗauke ta ba. A ƙauyensu ne wajen Ringim, da damina, Mairo na da shekara goma sha biyar. Babu likita, babu mota, sai hayaƙin magani da aka yi ta turara mata wanda ya ƙara shaƙe ta. A cinyar Hajiya ta cika, hannunta cikin nata. Ta ce tana jin jijiyar na gudu na gudu a ƙarƙashin yatsunta, ba ta san me ake yi da wannan gudun ba. Ta ce ni kuma har wushiryata irin ta Mairo ce.

Na kwantar da kaina a kafaɗarta, abin da rabona da yi tun ina firamare. Malam Sule ya rage gudu, ya zagaya da mu ta doguwar hanya ba wanda ya sa shi. Da muka iso get, Hajiya ta gyara zama ta koma Hajiyarta.

"Ki gaya wa yayanki ya ce wa abokin nasa ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Shi kaɗai. Ban ce magabata ba."

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan ban ga irinta ba. Aƙilu ya zo cikin shadda ruwan sararin sama, ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya durƙusa daga bakin ƙofa gumi na bin wuyansa. Baba na kujerarsa ya ɓoye fuska a bayan jarida. Ni ina bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin, Uwani na bayana tana leƙe ta saman kafaɗata. Hajiya ta amsa gaisuwa, ta ajiye agogon a kan tebur, ta ce wa Yaya, wanda ba ta taɓa kiran sunansa don ɗan fari ne, "Kai, miƙa masa hannunka."

Sai a lokacin muka gane makaranta aka buɗe. Aƙilu ya cafki hannun Yaya da babban yatsa, Hajiya ta ce a'a, babban yatsa yana da nasa bugun, da biyun nan ake yi. Ya gyara. Ya lalubo nan, ya lalubo can, ya danna har Yaya ya yamutsa fuska.

"Hajiya, ni fa ba na jin komai," in ji Aƙilu.

"Shi ke nan," in ji Yaya, "na mutu ba a gaya min ba."

Jaridar Baba ta fara rawa. Hajiya ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe fuska, ta kasa. Da ya samo jijiyar kuma sai ya ruɗe da kallon agogo, ya ƙirga ɗari da arba'in, Yaya ya ce a kira masa Malam Sule a kai shi asibiti. Baba ya ajiye jarida ya naɗe hannun riga ya ce a gwada da na tsoho. Aƙilu ya matso da gwiwa, kunyar duniya ta ishe shi, ya kama hannun mutumin da yake fatan ya zama surukinsa. Wannan karon ya nutsu. Ya ce saba'in da biyu. Hajiya ta karɓi hannun ta ƙirga da kanta, ta ɗago ta dube shi, ta gyaɗa kai.

Daga nan ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai jarrabawa. In ya ga numfashi ya yi sama me zai fara yi? Ina za a riƙa ajiye abin shaƙa? Yaushe ake barin komai a nufi asibiti? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya: a zaunar da ita kada a kwantar, a ba ta maganin, in ta kasa haɗa magana ko leɓenta ya canja launi ba a jiran gari ya waye ko ruwa ya ɗauke. Ashe tun ranar Alhamis ya je ya sami Likita Sanusi da kansa ya yi ta tambaya har mutumin ya gaji da shi.

Hajiya ta juya ta kalli Baba, Baba ya kalli silin yana shafa gemu. Ta ce, "Alhaji, in ka ga dama ka sa musu rana su turo."

Uwani ta saki guɗa a cikin kunnena har sai da na dafe bango. Asirina ya tonu, kowa ya san ina bayan labule. Na ruga kicin na tsaya gaban firiji na buɗe shi na rufe ba tare da na san me nake nema ba. Ina jin Yaya na cewa shi fa sai an biya shi kuɗin hayar hannu, Baba na dariya irin wadda rabon da in ji tun kafin damina.

An kawo lemo ana sha, hira ta yi daɗi, sai Hajiya ta tambaya, kamar abin da ya faɗo mata yanzu, a ina yake shirin ajiye iyali. Aƙilu ya ce ai ya riga ya kama gida, sabon gini, ɗaki uku da famfo a tsakar gida, har ya sa an yi fenti.

"A wace unguwa?"

"Kawaji, Hajiya."

"Kawaji ta wane ɓangare?"

Ya ce ta wajen Dakata, bayan kamfanonin nan.

Duk wanda ya san Kano a shekarun nan ya san yadda masana'antu ke tsirowa a wajen kamar naman kaza, kowanne da bututunsa a sama. Na leƙo na ga Aƙilu ya runtse ido, alamar sai yanzu abin ya faɗo masa. Mutumin da ya bar turare saboda ni, ya je ya kama min gida a gindin hayaƙi, don kawai akwai famfo.

Na jira in ji Hajiya ta ce an fasa. Sai na ji ta ce Yaya ya gaya wa Malam Sule ya fito da mota, yanzu, tun rana ba ta faɗi ba. Ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta yafa mayafi, ta ce Aƙilu ya hau babur ɗinsa ya yi gaba mu bi shi. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya ta waiwayo wajen labulen.

"Sauda, ɗauko mayafinki da abin shaƙarki. Ƙirjinki ne zai zauna a gidan, ba nawa ba. Ke za ki faɗa mana."

Haka muka fita, shi a gaba shaddarsa na kaɗawa, mu a baya cikin Fijo, na sauke gilashi iskar bayan ruwa na dukan fuskata. Muka bar inuwar unguwarmu, muka wuce Giginyu, gidaje suka fara matsewa. Muna karya kwanar da ya nuna da hannu, Malam Sule ya ce "To fa" a ƙasan maƙoshi. Can gabanmu, daidai saitin wani gida mai sabon shuɗin fenti, wani dogon bututu ne tsaye yana aman baƙin hayaƙi, iska kuma ta kwanto da shi wajenmu. Hajiya ba ta ce a ɗaga gilashi ba. Ta juyo ta zuba min ido, ni kuma na buɗe baki na ja numfashi.